Mama Yael da Irin da Ta Hana a Shuka

Kowace safiya, kafin manyan motoci su fara sauke kaya a kasuwar Farin Gada, Mama Yael Datong ta riga ta buɗe ɗakin iri. Ɗaki ne mai shan iska a bayan gidanta, inda matan ƙungiyar manoman dankali ke ajiye irinsu. Takan bi katakai tana juya dankalin, tana shinshinawa, ta tsame wanda ya fara ruɓa kafin ya shafi saura. Haka take tun 'ya'yanta suna goye. Yanzu gwiwa ta ce ta gaji, Mama za ta huta, kuma bai kamata a bar ta ta tafi shiru ba.

Irin nan shi ne jarin matan gaba ɗaya, da shi suke kai yara makaranta. Dokar Mama Yael ɗaya ce, kuma ta jawo mata baƙin jini ba kaɗan ba: ba a shuka iri duka wuri ɗaya, ba a kuma shuka shi duka lokaci ɗaya. Wani a Kuru, wani a Naraguta, sauran ya zauna a ɗaki sai damina ta nuna halinta.

Wata shekara ruwa ya sauko da wuri, dankali ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Magadaliya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta iso da buhunanta.

“Mama, ba ni rabona duka. Idan na shuka yanzu, zan riga kowa shiga kasuwa.”

“Idan sama ta juya fa?”

“Kin ga alama ne?”

“Ban ga komai ba, 'yata. Da na san abin da sama za ta yi, ai da ban ɓoye ko ƙwaya ɗaya ba.”

Ta ba ta na shuka, ta kulle sauran. Daga nan tsegumi ya tashi. Aka ce tsohuwar tana sayarwa ta bayan fage. A taron zumuntar mata a coci, Magadaliya ta canza wurin zama, ta daina gaishe ta. Gonaki suka yi kore shar, maƙwabtan da suka zuba irinsu duka suna wucewa suna murmushi, har aka sa ranar karɓe makulli daga hannunta.

Gaskiya Mama Yael ta tsorata. Irin da ke ɗaki ya fara yamushewa, tsironsa na tsawo. Idan damina ta tafi lafiya, ita ce ta tauye marayu, kuma ba ta da bakin kare kanta. 

Wata la'asar gari ya yi duhu, ƙanƙara ta zubo kamar tsakuwa. Ta kwantar da gonakin Naraguta, inda Mama Yael ta fi zuba nata rabon don a ganinta can ya fi aminci. Ba a gama jaje ba sai yayyafi da sanyi suka kawo cutar nan mai baƙanta ganye, ta cinye na Kuru. Abin da ke cikin ƙasa duk ya tafi.

Magadaliya ta dawo da buhu, kanta a sunkuye. Mama Yael ba ta ce mata “ai na faɗa” ba. Ta cika mata buhun, ta ce ta hanzarta kafin lemar ƙasa ta wuce. Ba wadda ta yi arziki a shekarar, amma ba wadda jarinta ya mutu, kuma yaran Magadaliya ba su bar makaranta ba.

Ke ce rumbun marayu, Mama Yael. Ba ki taɓa cewa kin san gobe ba, kin dai yarda ba ki sani ba, kika yi tanadi a kan haka. Kin sha zargi alhali gonarki ma ba ta tsira ba. Mun gode, Ubangiji ya ba ki lafiyar gwiwa da tsawon rai.

Duk mai riƙe da jari, na shago ne, na shanu ko na ƙungiya, ya yi koyi da ita. Ranar da kasuwa ta yi daɗi kowa yana cewa a zuba duka, ya daure ya rage wani abu a ɗaki, ko da za a daina gaishe shi.