Motar da Inna Za Ta Iya Hawa

Ina durƙushe da tef ɗin tela, ina auna tsayin ƙarƙashin wata ƙaramar jif a Yelwa, sai dillali ya kwashe da dariya.

"Hajiya, mi kika biɗa nan ƙasa? Bari Alhaji shi zo, ga babbar jif can."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ni ke kai Innata asibiti daga Ngaski. Bara da damina motata ta kafe cikin laka, tsohuwa na nishi a baya. Babbarka kuwa gwiwar Inna ba ta iya hawanta, ga shan mai."

Na kira Inna daga inuwa. Ta hau ƙaramar, ba wanda ya tallafe ta. Ƙaramar jif ɗin na saya.

Masu jinyar tsofaffi, ku me kuke fara dubawa a mota?