Wasiƙun da Suka Riƙa Zuwa da Sunan Mamaci

Komai zan iya mantawa a duniyar nan, ban da ranar da na je Kibiya da azahar na tarar da wani dattijo yana auna likkafaninsa. Shekaru sun ja, amma har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Dattijon aminin mahaifina ne, ɗan kasuwar hatsi, bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ni kuwa na yi aji uku a sakandare, ina jin kaina wani abu. Shekarar da maganar hannun jari ta shigo Rano, na kama shanuna biyu na huɗa na sayar. Da su nake noma, da su nake ci da iyalina. Mota ɗaya muka shiga da shi zuwa Kano, muka sayi jarin kamfanin siminti ɗaya a hannun dillali ɗaya.

Ba a jima ba farashi ya fara zubewa. Kullum da safe ina tasha ina jiran direban da ke kawo jarida. Karatun nan nawa shi ya kashe ni. In buɗe shafin lambobi in ga shanuna suna ramewa a kan takarda. Abinci ya daina shiga. Da abin ya ishe ni na hau babur sai Kibiya.

Na yi sallama sau uku, shiru. Ko kaza ba ta motsi a ƙofar gidan. Na leƙa zaure, sai ga shi durƙushe, ya shimfiɗa farin yadi a tabarma yana awo da kamu.

"Baba, wa ya rasu?"

"Babu tukuna. Nawa ne. Riƙe min bakin nan."

Na riƙe. Na ce, "Baba, jarinmu ya mutu. Ko rubu'in abin da muka zuba bai kai ba yanzu."

Bai ɗago ba. "Kamfanin ya daina yin siminti?"

"A'a."

"Mutane sun daina gini?"

"A'a, amma jarida ta ce..."

"To kai jaridar ka saya ko kamfanin?" Sai ya ja yadin ya tsaga. Ƙarar nan har yau tana kunnena. Sannan ya dube ni, kallon da ban so ba, ya ce, "Ni ba zan ga tashinsa ba. Kai za ka gani, in ka iya zama."

Na fito ina cewa a raina tsufa ya taɓa shi. Washegari na dira Kano na sayar da nawa kaf. Abin da aka ba ni ko maraƙi mai kyau bai saya ba. Daminar nan da fartanya na yi ta, kamar wanda bai taɓa mallakar shanu ba. Shi kuwa bai kai kaka ba. Da hannuna na sa shi a kabari, cikin yadin da na riƙe masa.

Bayan wasu shekaru babban ɗansa ya same ni a wata gona a Lausu, ina ƙwadago. Ya ce wasiƙu ne ke ta zuwa da sunan Baba, Iya, mahaifiyarsu, ta hana kowa buɗewa, wai ba a buɗe saƙon mamaci. Sai da ƙyar ta yarda a kira ni.

Muka je gidan, na zauna na farke su ɗaya bayan ɗaya. Kowace sunansa ne a sama, ɓaro-ɓaro, kamar yana da rai. Takardun riba ne, shekara bayan shekara. Na buga wa dillalin waya, ya gaya min farashin ranar. Sai da na sa ya maimaita.

"Kai ma ka warke ke nan, Yaya," in ji ɗan, yana ta washe baki, "tunda tare kuka saya."

Na ce, "Alhamdulillahi." Ƙarya na yi wa marayu, a gidan ubansu.

Sai muryar tsohuwar daga bayan labule: "Ai marigayi ya ce kai ne mai ilimin. Yadda ka yi da naka, haka za mu yi."

Takalmina na nema.

Abin da na koya, in wani zai ji, shi ne wannan: kasuwa ba ta ƙwace min ko sisi ba, ni na ɗauka na kai mata saboda tsoro. In za ka zuba kuɗi, kada ka zuba abin da kake ci da shi, don mai jin yunwa ba ya iya jira. In kuwa ka zuba, ka duba ko abin da ka saya yana nan yana aiki, sannan ka nemi wuri ka zauna. Ni ban zauna ba, ga shi har yau gonar wasu nake nomewa.