Giɓi a Waƙar Yaya

Gwaggo Mai Fiyano ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shekara arba'in da ɗoriya ta yi tana koya wa yara kiɗan fiyano, babban akwatin kiɗan nan da ake dannawa da yatsu, a wani ɗaki da ke saman shagon mai gyaran agogo. Matakala goma sha tara ake hawa kafin a kai. A ciki akwai taga ɗaya mai kallon titi, da benci, da wasu littattafai biyu masu kauri da take ɗora wa yaron da tsayinsa bai kai ba ya zauna a kai. Ba ta duka, ba ta kuma wasa. Kallo ɗaya za ta yi wa yaro ta saman tabarau ya shiga taitayinsa.

Ranar farko ba a kiɗa a wurinta. Sai ta ɗaga murfin fiyanon ta ce, "Ga haƙoransa nan, farare da baƙaƙe. Ba ya cizo sai an ci zalinsa." Daga nan yaro zai bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tun daga mai kaurin murya har zuwa mai siririya, yana gaishe su. Iyaye masu gaggawa sukan ɓata rai, ita kuwa ta ce musu da rarrafe yaro kan tashi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne inda ita ta yi nata rarrafen. Babansu ɗan dako ne, mai kwashe wa mutane kaya in za su tashi daga gida. Wata rana aka bar masa wani tsohon fiyano da aka rasa inda za a kai, ya turo shi gida a kura. Farin haƙori ɗaya a tsakiyarsa ya mutu, ko an danna ba ya magana, suka sa masa suna giɓi. Yayarta, wadda ta girme ta da shekara shida, ita ta koya wa kanta kiɗa a kansa, har ta ƙirƙiri wata 'yar waƙa. Duk sanda waƙar ta zo kan giɓin, sai Yaya ta tsallake shi ta ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ƙwas, ta ci gaba. Ta koya wa ƙanwar rabi. Da yamma ta rufe murfin ta ce, "Gobe zan koya miki ƙarshen, Auta."

Da safe zazzaɓi ya kwantar da Yaya, kwana uku ta rasu. Aka fitar da fiyanon daga gidan don uwarsu ba ta iya kallonsa. Tun daga ranar Gwaggo ba ta ƙara kaɗa waƙar ba, ko a baki ba ta taɓa rera ta ba. Amma a ranta ba ta daina jiran ƙarshen ba, shekara sittin cur.

Sai ga tsufa ya zo mata ta kunne. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi sahu. Wata safiya ta lura ba ta jin agogunan shagon ƙasa, waɗanda a da suke hana ta sakat. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce jin da ya rage mata ba zai wuce 'yan watanni ba. Ta sallami ɗalibanta kaf ba tare da ta gaya wa kowa dalili ba, don girman kai ma ciwo ne, kuma nata ya daɗe.

Ana haka ɗan wanta ya hawo matakalar wata Asabar da hantsi, riƙe da hannun 'yarsa mai shekara shida. Sunan marigayiya aka sa wa yarinyar, saboda haka Gwaggo ba ta iya kama sunan, Yaya take ce mata tun tana cikin zanen goyo.

"Gwaggo, ga Yayarki na kawo miki. Ta hana mu barci da zancen kiɗa."

"Na ce maka na daina."

"Haba Gwaggo, 'ya'yan wasu kin koya musu, sai taki za ki kora?"

Yarinyar ta yi murmushi, haƙorin gaba ɗaya ya fita.

"Ji mata baki," in ji Gwaggo. "Ɓera ne ya sace miki, ko ke kika ba shi aro?"

"Ke ma ai naki ba naki ba ne, Kaka. A kofi suke kwana."

Dariya ta ƙwace wa Gwaggo, ta ɗauko littattafan nan biyu ta ɗora a benci. Uban ya sauka ya bar su.

Yarinyar ta fara gaishe da haƙora kamar yadda aka umarce ta, ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta karkato kunnen dama. Da ta iso tsakiya, sai ta tsallake wani fari, ta ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa, ta wuce.

"Kin bar ɗaya. Koma."

"Ai wannan ba ya magana."

Gwaggo ta danna shi, ya yi ƙara rangaɗau. Wannan fiyanon nata ne na aiki, lafiyarsa ƙalau, bai taɓa yin giɓi ba. Amma haƙorin da yarinyar ta tsallake, daidai shi ne wanda ya mutu a na gidansu. Kafin ta ce wani abu, yarinyar ta ɗora hannu biyu, ta karkatar da kai gefe, ta fara kaɗa waƙar Yaya. Ba tuntuɓe, ba neman hanya. A kan giɓi ta ƙwanƙwasa. Da ta kai rabi, daidai inda aka tsaya shekara sittin da suka wuce, ta tsaya ta waiwayo.

"In ci gaba, Auta?"

Babu mai rai a duniya da ke kiran ta da wannan suna. Tsigar jikin Gwaggo ta tashi. Rana tsaka, motoci na wucewa a titi, amma tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta rufe murfin da ƙarfi har ya kusa datse 'yan yatsun, ta leƙa taga ta ƙwala wa uban kira ya zo ya ɗauki 'yarsa.

Mako shida ta yi ba ta buɗe fiyanon ba. Ta tambayi ɗan wanta ko wani ya taɓa koya wa yarinyar kiɗa, ya ce ina, ko ganga ba su da ita a gida. Ta yi ta gaya wa kanta tsufa ne ke mata gizo. Kunnen kuwa bai jira ta gama shawara ba. Muryar mai agogo ta ɓace, ƙahon mota ya ɓace. Ranar da ta ga kofi ya faɗi ya tarwatse a gabanta shiru, ta gane abin da tsoro ya ja mata, ta zauna a ƙasa ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Sannan ta aika a kawo mata Yaya.

Yarinyar ta hau kan littattafan ba tare da an ce mata ba. Bakinta ya motsa, Gwaggo ta karanta a leɓenta: "Ai na ce miki gobe."

"Na makara, Yaya. Ba na ji."

Yarinyar ta dube ta irin kallon da babba ke yi wa ƙanwar da ta cika shiririta. Ta kamo tsofaffin hannuwan ta ɗora su a bisa nata, yatsa kan yatsa, ta fara. Gwaggo ba ta ji ko sauti ɗaya ba. Yatsunta dai suna hawa suna sauka, suka wuce rabi, suka shiga inda ba ta taɓa zuwa ba. Ashe ƙarshen gajere ne, bai kai a shanye ruwa kofi guda ba. Sau uku suka maimaita har hannun Gwaggo ya riƙe waƙar.

Daga nan yarinyar ta yi hamma, ta sosa kai, ta shiga dukan haƙoran da tafin hannu kamar kowane yaro. Gwaggo ta nuna mata farin nan na tsakiya, yarinyar ta danna shi ba ko gezau. Gwaggo ta tambaye ta waƙar, ta ce wace waƙa? Ran nan ta fara darasin farko, da gaishe da haƙora, kuma ba ta fi sauran yara kai ba.

Gwaggo ba ta ƙara karɓar ɗalibi ba sai ita. Kullum da hantsi takan zauna ita kaɗai ta kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe. Mai gyaran agogo ya ce yakan ajiye aiki ya saurara, waƙa ce mai daɗi ƙwarai. Ita ba ta san daɗinta ba, kuma abin yana mata ciwo. Abu ɗaya ya ce yana ɗaure masa kai. Ya taɓa hawa ya leƙa, ya ga in ta zo kan giɓin ba ta ƙwanƙwasa komai, ɗaga hannu kawai take yi ta jira. Duk da haka sai a ji ƙwas a jikin katakon.

Ya rubuta mata tambayar a takarda. Gwaggo ta karanta, ta ninke takardar ta miƙa masa abarsa.

"Kai ma kana ji ashe?" ta ce. "Ni shi kaɗai nake ji."