Tsutsar Ramar Kaka

A gungunmu, wato tsibirinmu na tsakiyar kogi, kafin ruwan dam ɗin Kainji ya cinye shi, kakata tana da abokin hira guda da abokin gaba guda. Abokin hirar wani faɗa-wuta ne mai zuwa fitilarta da damina, fikafikansa rawaya da ɗigon ja. Ta ce tun tana amarya yake zuwa. Abokin gabar kuwa koriyar tsutsa ce mai cin ramarta. Kullum da safe takan tsince su ta watsa wa kaji, tana zaginsu har kakanninsu.

Da aka tashe mu zuwa sabon gari kusa da Yelwa, Kaka ta ƙi kwance ƙunshin kayanta. A kansa take zama. Abinci ma sai an roƙe ta.

"Wanga wuri ba gari na ba," in ji ta. "Ko baƙon fitilata bai san hanyatai ba."

Na ji tsoro ƙwarai, don tana ta ramewa.

Inna ta shuka rama a bayan ɗaki. Tsutsa dai ba ta ɓata hanya ba. Na ɗauki ɗaya na saka a gwangwanin madara da ƙasa da ganye, don wasa kawai. Ta ci, ta ci, sannan ta nutse cikin ƙasar ta koma kamar ƙwallon dabino. Na ɗauka ta mutu, ƙyuya ce ta hana ni zubarwa.

Wata safiya na buɗe, sai ga abu manne a jikin gwangwanin yana shanya fikafikai, rawaya da ɗigon ja. Na kai wa Kaka da gudu, na faɗa mata daga inda ya fito.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta tona ƙasar da yatsa, ta ciro fankon ɓawon ta jujjuya.

"Ashe ɗiyanshi nika ba kaji," ta ce. "Shekara da shekaru, kuma bai daina zuwa ba."

Ta ƙara da cewa na gungu sun fi wannan girma.

Daga ranar ta kafa kujera a bakin ramar da sanda a hannu, kaza ba ta isa ta matso ba. Ganye ya zama raga. A daminar nan ba mu ci kwaɗon rama ba ko sau ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙorafi.

Kujerar kuwa daga cikin ƙunshin kayanta ta ciro ta.