Hoton Inna a Bakin Tafki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan 'yar Yaya Ilu ta kira ni daga unguwar Nakkasa. Ta ce, "Gwaggo, kina zaune?" Daga nan na gane.

Ni da Yaya Ilu ba uwa ɗaya muke ba. Ayari ɗaya ya kawo mu Makka ta hanyar Chadi, ina 'yar shekara shida, shi yana saurayi da kyamararsa a wuya. Irin ta dā, wadda sai ka murɗa idonta da hannu, ka auna haske da kanka.

Da kaka muka iso bakin tafki, ruwa ya cika. Ranar tsallakawa sama ta yi rawaya, ko iska babu. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, ba kuka. Na ji Yaya Ilu ya ce, "Hasken nan bai yi min ba."

Inna ta shiga kwale-kwalen farko da kayanmu, ni aka bar ni na biyu. Ta waiwayo tana ce min in daina wasa da ruwa. A lokacin ya ɗauke ta hoto.

Kwale-kwalen bai isa gaɓa ba.

Shi ya goya ni har Sudan. A nan Makka kuma duk Juma'a sai ya kawo min goro, har haƙorana suka ƙare bai daina ba.

Fim ɗin hoton ne bai taɓa wankewa ba. In na tambaya sai ya ce, "Bukra, Hajiya, bukra," wato gobe.

Makon jiya na je duba shi. Ya ciro shi daga wani gwangwani ya damƙa min. Ya ce, "Ranar ban san ko na buɗe idon kyamarar ko na rufe ba. In ya fito baƙi, na kashe miki ita sau biyu."

Na ce, "Haba Yaya, ruwa ne ya ci ta, ba kai ba."

Ni dai na manta fuskar Inna. Mai studiyo a unguwar Aziziyya ya ce tsohon fim sau ɗaya ake gwada shi, in ya lalace, shi ke nan.

Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Inna a Aljanna. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa su a addu'a, su biyun.

Fim ɗin yana ƙarƙashin matashina. Ban kai shi wanki ba.