Galan ɗin Maganin Feshi

Shekarar da maganin feshi ya iso fadamar Zauro, muna jihar Sakkwato a lokacin, maigidana ya dawo gida da galan ɗin da magani ya ƙare a ciki. Shuɗi ne, mai murfi. Na dirje shi da toka sau uku har takardar jikinsa ta fita, na mai da shi abin kai masa ruwa gona. Har yau in na lumshe ido ina ganina a bakin fadama, galan a kaina, ruwan Rima yana ƙyalli, shi kuma ya miƙe daga cikin shinkafa yana ɗaga mini hannu.

"Ruwan nan naki da ƙanshin kanti yake zuwa," yakan ce.

"To zubar mana, Malam."

"Wa ya ce ba daɗi?"

Bayan wasu damina abinci ya daina wuce masa a maƙogwaro. A asibitin Birnin Kebbi aka ce ciwon daji ne. Bai ga girbi ba.

Da na fita takaba na naɗe galan a zane, na kai wa likitan da ya duba shi.

"Ɗana, wannan ne ya kashe shi?"

Ya ce, "Inna, masana sun kasa abubuwa kashi-kashi, kamar albasa a kasuwa. Akwai waɗanda aka tabbatar suna kawo daji, irin su taba. Akwai na kyautata zato, akwai na wataƙila, akwai kuma waɗanda ba a gano ba tukuna."

"Nawa yana wane kashi?"

Ya juya galan yana neman wani abu. "Ina takardar da sunan maganin yake?"

Ni da ban san baƙi ba, datti na ɗauke ta. Ya ce ba suna, ba zai iya sa shi a kowane kashi ba, kuma ko a na farko yake, ba mai iya rantsuwa shi ne ya kama Malam.

Na so ya ce ni ce, in nemi gafara, ko ya ce ba ni ba ce, in huta. Na zauna a bencin asibiti na yi kuka har matan da ke layi suka kewaye ni. Kukan bai ƙare ba har yau.

Da na koma gida maƙwabciyata ta zo aron galan. Na ɗauki wuƙa na huda gindinsa a gabanta.