Gaisuwar Laminu daga sama

Har gobe ba zan manta da ranar da na kayar da Laminu a jarrabawar tuƙin jirgi ba. Lokacin ni ne mai jarraba ɗalibai, wato mutumin da ke zama a kujerar dama da takarda a cinya, ba koyarwa, ba taimako, sai ido. Hanyar da na ba shi ko makaho ya bi ta: daga Maradi zuwa Mayahi, daga nan Tasawa, a tsayin da na yanka masa.

Lafiya lau muka wuce Mayahi. Muna dosar Kanan-Bakashe sai na ga muna ta yin ƙasa, har ina iya ƙirga awakin kasuwa. Gogan ya kewaya garin sau biyu yana kaɗa fikafikai, jama'a na ta ɗaga huluna. Na tambaye shi ko inji ne ya samu matsala. Mushe suke ce mini, wato malam da Faransanci.

"A'a, Mushe, garinmu ne. Baba na nan ƙasa. Ƙaƙa zan wuce ban gaishe shi ba?"

Na yaba masa tarbiyya ƙwarai, na rubuta ya faɗi.

Ga waɗanda ba su sani ba, jarrabawar kashi-kashi ce. Wanda ya faɗi kashi ɗaya, shi kaɗai zai sake, bayan ya koma hannun malaminsa an sa masa hannu. In ya sake faɗuwa, ko wata shida ya cika bai gama ba, komai sabo. Laminu kashin bin hanya kawai ya faɗi, amma damina da gyaran jirgi suka cinye watanninsa, sai sati guda ya rage. Sabon zagaye kuwa wata shekara ce da ba shi da halinta.

Ana nan sai ga babansa, Malam Isuhu mai ginar rijiya, a ofishina da rakiyar dattawa uku da zabi biyu. Ya tambaya ko ɗansa ya buge wani. Na ce a'a. Ko ya faɗo da jirgin. Na ce ga ni ai da raina.

"To Mushe, a lakwal ɗinku ta koyon jirgi gaida uba shi ne laihi?"

Na yi masa bayanin tsayi, da wayoyin sadarwa, da angulayen da ke shawagi kan mahauta. Ya saurara da ladabi irin na wanda ya riga ya yanke cewa mahaukaci yake magana da shi. Zabin na mayar, amma da ya tambayi ranar sakewa, ni sarkin wayo na faɗa masa.

Abokan aiki sun ce in canza hanya don in rage wa Laminu zafi. Na ƙi. Matuƙin da ba a yarda da shi sai nesa da garinsu, ban san fasinjan da zan ba shi ba.

Ranar kuwa duk garin ya fito. Har farin ƙyalle suka shimfiɗa a bakin kasuwa, kada mu ɓata. Laminu ya hango, gumi ya jiƙa masa riga. Bai sauka ko taku ɗaya ba. Muka wuce ɗoɗar, ni ma ban ji daɗi ba, gaskiya.

A Tasawa na ce masa ya ci. Bai ko yi murmushi ba, ya ciro salula ya kira gida, ina tsaye ina jin muryar tsohon.

"Wani jirgi dai ya wuce can ƙololuwa. Na ce ma jama'a ba kai ba ne, nawa ba shi wuce ni."

Laminu ya ce, "Ni ne, Baba." Aka kashe wayar daga can.

Ku masu tasowa kuna ɗauka wahalar aikin nan iska ce da hadari. Waɗannan duk suna cikin littafi. Abin da na koya ranar shi ne, muna karɓar mutum da tarbiyyarsa, mu zauna kusa da shi mu ga ko zai iya ajiye ta na minti biyu, in ya iya mu buga masa hatimi mu ce barka. Takardar Laminu ni na sa mata hannu, kuma ban raka shi gida ba.